Ɗan Aike Cikin Gajeren Wando

Ranar da na fara sauka a filin jirgin Dulles a Amurka, mutumin da ya yi mini alkawarin masauki ya kashe wayarsa. Ɗan unguwarmu ne a Funtuwa, har gida ya je ya rantse wa mahaifiyata cewa ɗaki na nan yana jirana. Na tsaya a bakin ƙofar fita da akwati ɗaya da 'yar shaddata marar kauri, sanyi yana ratsa ƙashina, ina ta danna lambarsa kamar dannawar ce za ta kunna wayar. Ban san lokacin da na ce "wayyo Allah" da ƙarfi ba. Sai wani dattijo da ke jingine da motar haya ya waiwayo ya ce, "Kai, yaro, wa ya yar da kai a nan?"

Alhaji Garba ke nan, Bahaushen Gana, haifaffen zango, wato unguwar Hausawa a can. Bai tambaye ni asalina ba, bai tambaye ni abin da ke aljihuna ba. Ya jefa akwatina a but, ya kai ni gidansa a Landover, cikin jihar Maryland, matarsa Hajiya Rabi ta zuba mini wake da shinkafa da wani baƙin yaji da ya sa ni hawaye, na fake da shi na yi kukan da ke cina tun daga filin jirgi. A kujerar falonsu na yi ta kwana har sanyi ya wuce. Shi ya koya mini hawa jirgin ƙasa, shi ya hana ni shafa kan 'ya'yan mutane a kanti, shi ya tsaya mini har na sami aikin farko. Baba nake ce masa, kuma ba don ladabi kawai ba.

Shekaru suka ja. Na koma Sterling, a jihar Virginia, na sami aiki a ɗaya daga cikin manyan gine-ginen nan marasa taga da ake tara na'urorin intanet. Na yi aure, na yi tumbi, zuwa Landover ya koma sai Sallah da Sallah. A wurin aikin na haɗu da Kevin, wani Bature mai kirki wanda bakinsa ba ya rabo da zancen hawan igiyar ruwa: ka kwanta a kan wani dogon allo cikin teku, in igiya ta taso ka miƙe tsaye ta yi ta gudu da kai har gaɓa. Ni da ruwa mafi girma da na sani shi ne dam ɗin Mairuwa, shi ma daga nesa, sai ga ni da furfura a gemu ina koyon iyo cikin 'yan firamare. Duk bazara muka riƙa zuwa bakin teku a Ocean City. Ranar da na fara miƙewa a kan allon nan, ko da ban daɗe ba ruwa ya maka ni da ƙasa, na ji wani daɗi da ban taɓa ji ba tun da na zo ƙasar nan. Matata ta ce tsufa ne ya zo mini da gardama. Ban musa ba.

Da sanyin wata shekara ya tsananta, Kevin ya zo da hotunan wani masaukin baƙi a gaɓar tekun Gana, can yamma da Takoradi. Ruwa shuɗi, rairayi fari, itatuwan kwakwa, ga igiya kamar an zana ta da hannu. Ya ce, "Nas, mu je nahiyarku." Na ce mu je. Kuma saboda son a sani, na biya Landover don in yi wa Baba albishir zan je ƙasarsu.

Na same shi ya rame, yana kishingiɗe a kujerar nan da na taɓa kwana. Da na faɗi sunan garin, sai ya miƙe zaune, ya dubi Hajiya Rabi, ita kuma ta sunkuyar da kai.

"Nasiru, garinmu ne," in ji shi. "A nan aka yanke cibiyata."

Sannan ya faɗa mini abin da ban taɓa ji ba duk zamana da su. Yana da yaya mace, Lami, ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Mahaifinsu ya bar musu fili a bakin ruwa, nan gidansu yake, nan take gasa kifi. Da Turawa suka fara zuwa neman filaye, aka kira Baba a waya, shi ne namiji, ya sa hannu aka sayar, bai shawarce ta ba. Ya ce a lokacin gani yake alheri ya yi mata. Tun daga ranar ba ta sake yi masa magana ba. In ya kira wayar maƙwabta aka kai mata, sai ta ce ba ta magana da ƙarfe. Ta kuma yi rantsuwa ƙafarta ba za ta sake taka filin nan ba har ta mutu.

"A wurinmu, in ka yi wa babba laifi irin wannan, ba a neman gafara ta waya," in ji Baba. "Mutum ake tasarwa da ƙafarsa, ya riƙe goro, ya zauna a ƙasa, ya faɗa da baki. Zuwa da kai ya fi saƙo, na sani, amma ka ga yadda nake. Ran Alhamis ta sama za su buɗe ƙirjina, likita ya ce jijiyoyin zuciyar sun toshe. Ba na so in kwanta a teburin nan Lami tana riƙe da ni."

Hajiya Rabi ta ɗauko atamfa turmi guda da farin mayafi ta sa a leda. Baba ya kama hannuna da hannayensa biyu. Ya ce in sayi goro a hanya, farare masu kyau, kuma in je tun ranar da na sauka, kafin in kwance kayana. Na ce, "Baba, ai wannan ƙaramin abu ne. Ka ɗauka an gama." Har da bugun ƙirji na faɗa.

A Akara muka sauka ran Asabar. Motar masaukin tana jiranmu, mai sanyi, cike da Turawa da dogayen alluna ɗaure a sama. Mun wuce kasuwanni ba adadi, mun ratsa Takoradi da rana tsaka, ina hango mata da farantan goro a bakin titi. Sau biyu na buɗe baki zan ce wa direba ya tsaya, sau biyu na rufe. Me zan ce wa mutanen nan? In ce su jira ni in sayi goro, su tambaye ni mene ne shi, in shiga bayanin wata tsohuwa da ƙaninta? A motar nan ni Nas ne, mutumin Virginia, kuma ina jin daɗin zama Nas. Na ce a raina zan samu a gaba.

Masaukin ya yi kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Bukkoki ne na ciyawa masu na'urar sanyaya ɗaki, da tafkin wanka a tsakiya, da katanga mai tsawo wadda ta zarce har cikin rairayi, da mai gadi a ƙofa. Tekun ne dai ya ƙi. Ruwan da muka gani shuɗi a hoto ya zama ruwan ƙasa, kwance lumui kamar kunu a kwano, yana ta turo ledoji da robobin ruwa da silifa ɗai-ɗai. Da asuba ma'aikata suke share gaban masaukin, su tura sharar gefen da ba na baƙi ba. Mai masaukin, wani Bature da rana ta gasa har ya koma ja, kullum maganarsa ɗaya: gobe igiya za ta zo, ya gani a na'ura. Kullum da sassafe a loda mu a mota a tafi wata gaɓar neman igiya, mu kwanta a kan alluna muna shawagi kamar kwaɗi, rana ta ƙona mana baya, mu dawo da yamma a gajiye ba wanda ya miƙe tsaye. Rana ɗaya da wata 'yar igiya ta taso, mu goma sha muka yi mata rubdugu, allon wata Bajamushiya ya fasa mini leɓe.

A yammacin farko na fita ƙofa, ƙamshin tsire ya ja ni. Mai tsiren yana ta fama da ni da Turanci, na ce masa, "Malam, a sa yaji da yawa." Saura kaɗan wuƙar ta faɗi daga hannunsa. Ɗanjuma sunansa, mutumin zango. Hausarsu ba ruwanta da raba mace da namiji, amma muna jin juna sarai, kuma a nan zan rubuta maganarsu yadda kunnena ya miƙar da ita. Cikin jin kai na ce masa daga Amurka nake, kuma ina ɗauke da saƙo zuwa ga wata Hajiya Lami daga ƙaninta. Ban ce masa komai game da tiyata ba. Ban ga dalilin faɗa wa mai tsire ciwon Baba ba.

"Ei! Garba ya aiko mutum?" in ji Ɗanjuma. "To ai a kan gidansu kake kwana. Ka ga inda tafkin wankan nan yake? Nan murhunan Iya Lami suke."

Ya nuna mini garin da tsinken tsire. Da can jiragen masunta a nan gaban suke fitowa, yanzu an kora su can ƙarshe wajen duwatsu, inda jirgi kan fashe in ruwa ya yi fushi. An hana gasa kifi kusa, wai hayaƙi yana damun baƙi. Mutanen zango sun koma bayan titi, gefen fadama, wurin sauro. Tankar ruwa tana wucewa ta gabansu ta je ta cika tafkin wanka, mata suna layi a famfo ɗaya. Samarin garin sun bar kamun kifi, sun tara gashi, suna bin Turawa da alluna a ka suna "mai firen, mai firen", wai abokina da Turanci. Har lasifikar masallaci an roƙa a rage mata murya da asuba. Na yi tsaki, na ce wannan zalunci ne, na yi dogon jawabi a kan Turawa da halinsu. Sannan na karɓi tsirena na koma ciki, mai gadi ya ƙame mini.

Lahadi ban je ba, saboda ba goro. Litinin ma haka. Ku dubi wannan hujja: mutum yana ƙasar Gwanja, inda kakanninmu suke tafiyar watanni da jakuna don sayo goro, yana cewa goro ya hana shi isar da saƙo. Da na tambayi Ɗanjuma, da ya kawo mini kwando guda kafin in rufe baki. Gaskiyar ita ce ina tsoron ranar da zan tafi zango ita ce ranar da igiya za ta zo. Kuma ina jin nauyin zama gaban tsohuwar da nake iyo a kan murhunta. Kullum da yamma Baba yakan kira, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Nasiru, ka je?" In ce, "Gobe in sha Allahu, Baba, ina shirya abin yadda ya kamata." Shi kuma ya sa mini albarka. Ɗanjuma ma ya daina yi mini wasa. Ran Talata ya ce, "Iya ta ji kana gari. Tun shekaranjiya take sa a share tsakar gida, ta shimfiɗa tabarma." Na ce masa gobe.

Ran Laraba da la'asar muka dawo daga wata gaɓar, ba igiya kamar kullum. Ina tsaye kusa da rumfar da ake jingine alluna, ba riga, daga ni sai wani gajeren wando mai kama jiki, tumbi waje, gishiri ya bushe mini a gemu. Gefena matan Turawa ne kwance da 'yan tsummokaran wankansu, ga kwalaben giya a tebur, ko da yake ni lemo nake sha. Sai na ji hayaniya a ƙofa. Mai gadi yana cewa ba a shiga, ba a talla a nan. Wata tsohuwa doguwa, da mayafi ruwan toka da sanda a hannu, ta ture hannunsa ta shigo taku biyu cikin filin ta tsaya. Ba sai an gaya mini ba. Goshin Baba ne, da hancinsa, da yadda yake karkata kai in yana neman wani a taro.

Mai gadi ya ɗaga murya, "Mista Nas! Wata tsohuwa tana neman ka!"

Abin da na yi, ban yi shawara da kaina ba. Na ja allona na tsayar da shi a gabana, na lafe a bayansa. Abin da ke kaina kawai shi ne: yayar Baba ce, sa'ar mahaifiyata, ba za ta gan ni tsirara cikin matan nan ba. Ɗan aiken neman gafara ba ya bayyana haka. Bari ta juya, in zaga ta baya, in yi wanka, in sa kaftani da hula, in fito mata a mutum. Ina jin mai gadi yana ta kira, Kevin yana cewa, "Yanzun nan fa yake nan." Na ƙi motsi. Da na leƙo, ta juya tana fita, a hankali, tana dogara sandarta.

Na yi wanka a gurguje, na sa farar shadda da hula, na ɗauki ledar atamfa. Na sami Ɗanjuma, ya bar tsirensa a hannun maƙwabcinsa, ya tsaya a wani shago ya sa aka ƙulla mini goro, farare manya, a shagon da nake wucewa kullum. Muka tsallaka titi muka shiga zango. Gidan Iya Lami ɗaki biyu ne na bulo da langa-langa, tsakar gidan a share tas, amma an naɗe tabarmar an jingine ta a bango. Ɗanjuma ya yi sallama ya shiga, ya daɗe, ya fito.

"Ta ce a ce maka ta kwanta."

"Ka gaya mata ni ne ɗan aiken Alhaji Garba?"

"Ta sani. Ta ce ta ga ƙafafunka a ƙarƙashin katako."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na zauna a dakalin ƙofar har aka yi magariba, sauro yana cina, yara suna leƙe suna ce mini obroni, wato Bature. Ba ta fito ba. A nan ma ban ce a gaya mata gobe za a yi wa ƙaninta aiki ba. Gani nake wannan magana ce da ɗan aike zai faɗa da bakinsa yana zaune a tabarma, ba a jefa ta ta taga ba. Har a lokacin tsarin abin nake karewa.

A hanyar komawa Baba ya kira daga gadon asibiti. "Nasiru, ka je?"

"Na je, Baba. Ba ta fito ba."

Sai ya ce, "Lami ke nan. Na sani. Ba laifinka ba ne, ɗana, ka yi iyakar ƙoƙarinka. Allah ya yi maka albarka." Na buɗe baki in ce masa ta zo, Baba, da ƙafarta ta zo, har cikin filin da ta rantse ba za ta taka ba. Amma in na faɗi haka dole in faɗi inda nake a lokacin. Na ce, "Amin, Baba. Gobe da asuba zan koma."

Da asuba na koma, na tarar da kwaɗo a ƙofa. Alhamis ranar kasuwa ce a wani gari can ciki, matan zango sun loda kwandunan kifi a mota tun kafin kiran salla. Na zauna a dakalin nan da leda a cinya, ina duban agogon waya, ina lissafin ƙarfe nawa ne a Maryland. Hantsi ya yi, na san yanzu suna shirya shi. Rana ta take, na san sun tura gadon. A ranar ce kuma igiyar ta zo. Daga zango ina jin rugugin teku ya sauya, Kevin yana ta turo mini saƙo, ina kake, ina kake, ta zo. Na kife wayar.

Sai bayan la'asar ta dawo, da kwando a ka. Ta dube ni, ta dubi shaddata, ta wuce ciki. Can ta sa aka shimfiɗa tabarmar. Na cire takalmi, na durƙusa, na gaishe ta, na ajiye goro da atamfa a gabanta. Na faɗi saƙon kamar yadda aka ba ni: ƙaninta Garba ya ce ya yi laifi, ya sayar da abin da ba nasa shi kaɗai ba, bai nemi shawarar wadda ta goye shi ba, yana roƙo ta yafe masa don Allah, domin yau ake yi masa aiki a zuciya.

"Yau me?"

"Yau ake yi masa aiki, Iya. Yanzu haka yana ciki."

"Yanka shi ake yi? Yanzu?" Ta dafa ƙasa da hannu biyu. "Kai yaushe ka san da wannan?"

"Tun kafin in taso."

"Tun ran Asabar kana garin nan da wannan magana a bakinka?"

Ta dube ni, ba da fushi ba, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi.

"Me ya sa ka ɓuya jiya?"

"Iya, ba riga a jikina. Na ji kunya ki gan ni haka."

"Kunya," in ji ta. "Ɗana, ni na yi wa Garba wanka har ya yi wayo. Na haifi maza huɗu, na binne biyu. Mene ne a jikinka da ban taɓa gani ba? Da ka fito mini ko tsirara kake ka ce Garba na kwance, da a wurin zan faɗa maka. Abin da ya kai ni ke nan. Na gaji da jira, na ce yaron nan baƙo ne, wataƙila tsorona yake ji, bari in sauƙaƙa masa. Na karya rantsuwata, sai na yi kaffara, don in ce maka na yafe wa ƙanina. Tun ranar da aka ce ya taso mutum na yafe."

Sai ta miƙo hannu. "Ba ni ƙarfen."

Na kira, Hajiya Rabi ta ɗauka daga ɗakin jira na asibiti. Tsohuwar da ta yi shekaru ba ta magana da ƙarfe ta riƙe wayata da hannu biyu tana ɗaga murya kamar mai kiran wani a hayin kogi: "Rabi! Ki shiga ki gaya masa! Ki ce Lami ta yafe duniya da lahira!" Ina jin Hajiya Rabi tana kuka tana cewa ba a shiga, Yaya, sun rufe ƙofa tun ɗazu.

Duk da haka ba ta bar ni na tafi da yunwa ba. Ta sa aka kawo mini dokunu, tuwon masararsu, da soyayyen kifi, ta zauna tana kallona har na ci, ta ce baƙon Garba ba zai fita gidanta haka ba. Ban taɓa cin abincin da ya yi mini wuyar haɗiya kamar wannan ba. Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ba nawa ba ne.

Washegari na bar wa Kevin allona na kama hanyar Akara a motar haya ta 'yan gari. Ya ce na yi asarar igiya mafi kyau da ya taɓa gani. Ban iya yi masa bayani ba, har yau ma ban yi ba.

Baba bai mutu ba. An yi aikin, zuciyar ta tashi, amma jini ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwarsa kafin ya farfaɗo. Ya daɗe a asibiti, sannan aka dawo da shi Landover a keken marasa lafiya. Yana gane mutane, yana salla, yana tuna sunan kowane layi da ya taɓa tuƙa mota a Washington. Sabon abu ne ba ya zama a kansa. Duk abin da aka faɗa masa, kafin shayi ya huce ya tafi. Kansa ya tsaya a makon nan da na yi tafiya. An haɗa shi da Iya Lami a waya ta hoto ba sau ɗaya ba, su yi ta kuka, ta ce masa ta yafe, ya yi hamdala, bayan an jima ya tambayi Hajiya Rabi ko an ji labarin Nasiru.

Hajiya Rabi ta san komai. Na faɗa mata a barandar asibiti, har zancen allon. Ba ta zage ni ba. Cewa kawai ta yi, "Da ya shiga da sanin nan, Nasiru, da yanzu yana cikin abin da yake tunawa."

Yanzu duk Juma'a in an sauko daga masallaci nakan kama hanya daga Sterling zuwa Landover. Ina yin sallama, yana kishingiɗe a kujerar nan, sai ya yunƙura ya miƙe zaune, idonsa a kaina.

"Nasiru! Ka dawo? Ka je?"

"Na je, Baba."

"Me ta ce?"

"Ta ce ta yafe, duniya da lahira. Da ƙafarta ta zo, Baba, har cikin filin."

"Lami? Ta taka filin?" Sai hawaye. Ya lalubo hannuna ya riƙe da hannunsa mai lafiya, ya juya wajen matarsa. "Rabi, kin ji? Ban gaya miki ba? Na ce miki yaron nan ɗan amana ne, in ka aike shi ka kwanta ka yi barci."

Hajiya Rabi takan ce, "Ka faɗa, Alhaji," ta ci gaba da zuba shayi ba ta dube ni ba. Shi kuma ya ɗora hannu a kaina ya yi ta sa mini albarka, ni kuma in sunkuyar da kai in ce amin.